Kuɗin cigiya: wa ke biyan neman yaron da ya ɓata a karkarar Kano da Jigawa?

Duk lokacin da aka gano yaran Kano a wata jiha mai nisa, tsarin ɗaya ne. A tara 'yan jarida, a fito da yaran, babban jami'i ya yi jawabi, a ce gwamnati ta ɗauki mataki. Haka aka yi a watan Oktoban 2019, da 'yan sanda suka dawo da yara tara daga Onitsha ta jihar Anambra. Haka kuma aka sake ji a 2025, lokacin da hukumar yaƙi da safarar mutane ta NAPTIP ta sanar da ɗauko yara takwas daga wani gidan marayu a Asaba ta jihar Delta, bisa zargin cewa sato su aka yi daga Arewa.

Manomin da ya ji wannan labari a rediyo, a ƙauyen Gabasawa ko na Taura, ba laifinsa ba ne in ya ɗauka akwai wani asusu da gwamnati ta ajiye don neman yara. Sai ranar da nasa ya ɓata, ya je ofishin 'yan sanda mafi kusa, a ce masa motar babu mai. Daga nan ruɗanin yake farawa: in har akwai kuɗin, suna ina? In babu, da me aka je Onitsha?

Amsar a taƙaice ita ce akwai kuɗi, amma ba su da gida ɗaya. Suna warwatse a aljihun hukumomi da dama, kuma mafi yawansu ba sa motsi sai yaro ya riga ya yi nisa.

Ɓata ba iri ɗaya ba ne

Bahaushe kalma ɗaya yake amfani da ita, ya ce yaro ya ɓata, a yi cigiya. Gwamnati kuwa tana rarrabewa, domin kowane irin ɓata da ofishin da yake faɗawa hannunsa.

Akwai yaron da ya saki hannun uwarsa a cunkoso, ranar Juma'a a kasuwar Wudil, ko Lahadi a Gujungu ko Dambatta, ko wurin kallon hawan Sallah. Irin wannan yawanci kafin magariba an same shi a gidan mai unguwa, ko wurin sarkin kasuwa, ko ofishin Hisba. Akwai almajirin da ya gudu daga tsangaya, malam yana zaton ya koma gida, iyaye suna zaton yana makaranta, sai an yi watanni kafin a gane ba ya ko'ina. Kusa da shi akwai yarinyar da dillaliya ta ɗauka daga ƙauye zuwa aikatau a birni, daga baya labarinta ya yanke. Sai garkuwa don kuɗin fansa, inda ɓarayin da kansu suke kiran iyaye.

Na ƙarshe shi ne satar yaro don a sayar da shi, abin da doka ke kira safarar mutane. Nan babu mai kiran waya. Ana neman ƙaramin yaro ne wanda bai iya faɗin sunan garinsu ba, a sauya masa suna, ya tashi a wani gida da wani yare. Shi ne mafi tsadar nema, kuma shi ne ya fi buƙatar gaggawa. Motocin dare suna tashi daga Kano zuwa Kudu kullum, don haka yaron da aka ɗauke da la'asar yana iya wayar gari a wata jiha. A Maigatari kuwa, inda kasuwa ke ci ranar Alhamis, iyakar Nijar a bakin gari take.

Matsalar ita ce a awannin farko babu wanda ya san wane iri ne a cikin waɗannan. Uba dai ya san yaro bai dawo ba.

Warewa, saki da kashewa

Kalmomi uku ne ke yawan rikita mai sauraron labarin kasafi. In aka ce gwamnati ta ware kuɗi, ana nufin an rubuta adadi a kundin kasafin da majalisa ta amince da shi. Wannan izini ne kawai. Saki shi ne ranar da ma'aikatar kuɗi ta tura su asusun hukuma, kuma sau da yawa abin da aka saki bai kai abin da aka ware ba. Kashewa shi ne abin da hukumar ta yi da su bayan sun shigo.

Sannan kasafin kansa kashi-kashi ne: albashi, kuɗin gudanarwa, da kuɗin manyan ayyuka. Sayen mota sabuwa babban aiki ne, ana yi masa biki, a yanka zare. Man da motar za ta sha, da gyaran tayarta, da katin wayar jami'in da zai kira takwaransa a wata jiha, da kuɗin kwanansa in ya bi sawu zuwa can, duk kuɗin gudanarwa ne. Neman yaro kusan gaba ɗayansa a wannan kason yake, kuma shi ne kason da ake fara matsewa duk lokacin da aljihun gwamnati ya yi ƙunci, domin albashi ba ya taɓuwa, manyan ayyuka kuma su ake nuna wa masu zaɓe.

Aljihunan da kuɗin ke ciki

Rundunar 'yan sanda ita ce ƙofar farko, kuma ta tarayya ce. Tsarin mulkin 1999 ya tanadi runduna ɗaya ga ƙasa baki ɗaya, kasafinta daga Abuja yake fitowa, ya bi ta hedikwatar jiha kafin wani abu ya gangaro ofishin yanki. Gwamnoni kan taimaka da motoci da alawus, amma taimako ne, ba wajibi ba. A 2019 an kafa asusun tallafa wa 'yan sanda, wanda doka ta ba shi kashi 0.5 cikin ɗari na kuɗin asusun tarayya don horo da kayan aiki da jin daɗin jami'ai. Jihar Ribas ta kai ƙara, kuma a 2022 babbar kotun tarayya ta ce cire kuɗin kai tsaye daga asusun da matakan gwamnati uku ke rabawa ya saɓa wa tsarin mulki. Ko ba wannan shari'ar, asusun ba don neman yara aka kafa shi ba.

NAPTIP, hukumar yaƙi da safarar mutane, an kafa ta a 2003, aka sabunta dokarta a 2015. Tana da ofishin shiyya a Kano, tana da ikon bincike da gurfanarwa a kotu, tana da gidajen ajiye waɗanda aka ceto, dokarta kuma ta tanadi asusun tallafa musu. Sai dai hurumin NAPTIP safara ne. Yaron da ya ɓata jiya ba tare da wata alamar an sayar da shi ba, bai zama nata ba tukuna.

A matakin jiha, ma'aikatar mata da walwalar jama'a ke riƙe da gidajen yara, kamar na Nassarawa a Kano, inda ake kai yaran da aka tsinta ba a san iyayensu ba. Ita ce kuma ke da alhakin sa ido kan gidajen marayu masu zaman kansu. Jigawa ta sa hannu kan dokar kare haƙƙin yara a ƙarshen 2021, Kano ta yi tata a 2023, shekara ashirin bayan dokar tarayya ta 2003. Doka kan ɗora wa ma'aikata aiki, amma ba ita ke sakin kuɗin yin aikin ba.

A ƙasan duka akwai ƙananan hukumomi, 44 a Kano, 27 a Jigawa, kowacce da sashen walwalar jama'a. Tare da su akwai mutanen da a zahiri su ne ke fara fita nema: mai unguwa, dagaci, 'yan sintiri, 'yan Hisba, limamin da zai yi sanarwa a lasifikar masallaci, da shugabannin tasha. Waɗannan su ne mafi kusa da yaron, su ne kuma mafi nisa da kasafi. Dagacin da aka kai wa tsintaccen yaro daga tukunyar gidansa yake ciyar da shi har a samu iyayensa.

Akwai kuma kuɗin ƙungiyoyin waje, irin su UNICEF da hukumar ƙaura ta duniya, waɗanda ke ɗaukar nauyin horo da kayan aiki da haɗa yara da danginsu. Amfaninsu a bayyane yake, amma wa'adi gare su. Dakatar da tallafin waje da Amurka ta yi a farkon 2025 ya nuna yadda irin wannan kuɗi ke iya yankewa dare ɗaya.

Wani zai ce ai an ji sanarwar biliyoyi. Gaskiya ne: a Disambar 2022 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin samar da kuɗin tsaron makarantu na naira biliyan 144.8, na 2023 zuwa 2026. Wannan don hana kwashe ɗalibai daga makaranta ne, irin abin da ya faru a Chibok da Ƙanƙara. Yaro ɗaya da ya ɓace a bakin rijiya ba ya cikin lissafinsa.

Abin da 2019 ta nuna

Yaran tara da aka dawo da su daga Onitsha an ɗauke su ne daga unguwanni irin su Sauna, Kawo, Hotoro, Yankaba da Dakata, wasu tun shekaru kafin a gano su. An sauya musu suna, wasu sun manta Hausa. Gwamna Abdullahi Ganduje ya kafa kwamitin bincike ƙarƙashin Mai Shari'a Wada Umar Rano, wanda ya saurari iyaye da dama da suka fito da nasu koken. A watan Yulin 2021 babbar kotun jihar Kano ta yanke wa jagoran masu satar hukuncin ɗaurin shekara 104 bayan ya amsa laifinsa, shari'ar sauran kuma ta ɗauki shekaru.

Abu biyu ya kamata a lura da su. Na farko, duk kuɗin da aka kashe, na kwamiti da tafiye-tafiye da shari'a, bayan an gano yaran aka kashe kuɗin, lokacin da magana ta riga ta cika gari. Shekarun da iyayen suka yi suna yawo tsakanin ofisoshi da gidajen rediyo, daga aljihunsu suka yi. Na biyu, unguwannin da aka ambata duk a cikin birni suke, kusa da 'yan jarida da lauyoyi da hedikwatar 'yan sanda. Iyayen sun iya haɗuwa, suka kafa ƙungiya, suka ci gaba da matsa wa gwamnati kan sauran yaran da ba a gano ba. Mahaifin da ke rugar Fulani a ƙasar Birniwa ko wani lungu na Sumaila ba shi da wannan damar. Nasa ɓatan sau da yawa ba ya ma shiga littafin kowa.

Wannan ya shafi kasafi kai tsaye, domin jami'in kasafi da adadi yake aiki. Ƙungiyar agaji ta Red Cross ta duniya ta iya cewa a 2022 tana da rajistar mutum sama da 25,000 da suka ɓata a Najeriya, kusan 14,000 daga cikinsu yara, galibi sanadiyyar rikicin Arewa maso Gabas, saboda ta zauna ta rubuta su ɗaya bayan ɗaya. A karkarar Kano da Jigawa rahoton ɓatan yaro yana iya tsayawa a bakin dagaci, ko a littafin ofishin yanki, ko a takardar mai karanta cigiya a rediyo, ba tare da sun taɓa haɗuwa wuri ɗaya ba. Kwamishinar harkokin mata da ba ta da adadi a hannu, da wuya ta ci gardama a gaban kwamitin kasafi.

Sanarwar waya da shelar masallaci

A 2022 rundunar 'yan sanda da kamfanin Meta suka ƙaddamar da tsarin AMBER a Najeriya, wanda ke tura hoton yaron da aka sace zuwa Facebook da Instagram na mutanen da ke yankin. Asalin tsarin daga Amurka ne, an sa masa sunan wata yarinya 'yar shekara tara da aka sace aka kashe a jihar Texas a 1996. A can yana tsaye ne a kan tubali mai ƙarfi: tun 1984 majalisar dokokin ƙasar ta yi dokar taimaka wa neman yaran da suka ɓata, kuma cibiyar ƙasa da ke wannan aiki tana samun kaso mai yawa na kuɗinta daga ma'aikatar shari'a duk shekara.

Tsarin yana da amfani a birni, kuma kusan bai ci wa gwamnati komai ba. Amma yana buƙatar hoto, yana buƙatar 'yan sanda su karɓi rahoto su tantance da wuri, yana buƙatar masu babbar waya da data. A ƙauyuka da yawa yaro ɗan shekara uku bai taɓa tsayawa gaban kyamara ba, wayar gidan kuma ƙarama ce mai tocila. Abin da ke aiki a nan har yanzu shi ne shela a masallaci da kasuwa, da cigiya a rediyo, da saƙon murya a WhatsApp na 'yan acaɓa da direbobi. Cigiyar rediyo kuwa a yawancin tashoshi sanarwa ce da ake biya.

Takardar haihuwa ma tana nan. Binciken da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta yi da UNICEF a 2021 ya nuna kashi 57 cikin ɗari na yara 'yan ƙasa da shekara biyar ne aka yi wa rajista a Najeriya, Jigawa kuma tana cikin na ƙarshe, da ƙasa da yaro ɗaya cikin huɗu. Ranar da aka gano yaro bayan shekara biyar, ya girma, yarensa ya sauya, wani kuma ya fito da takardu yana cewa nasa ne, uwar da ba ta da hoto ko takarda sai ta koma ga tabo da kamanni. Abin da zai raba gardama shi ne gwajin ƙwayar halitta, kuma kuɗinsa ya fi ƙarfin mai noman damina ɗaya.

Inda ra'ayoyi suka rabu

Ƙungiyoyin iyaye da masu kare haƙƙin yara sun fi karkata ga a kafa ofishi ɗaya a jiha, da layinsa a kasafi, da rajista ɗaya, da lambar waya ɗaya. Hujjarsu ita ce aikin da aka raba wa hukumomi shida, kowacce tana iya cewa na ɗayar ne. Masu suka suna amsawa da cewa sabuwar hukuma a Najeriya takan cinye kasafinta a albashi da haya da motocin shugabanni, kuma asusun musamman da aka riga aka kafa ba su hana ofisoshin karkara rashin mai ba.

Wasu na ganin gyaran na 'yan sanda ne: a tura kuɗin gudanarwa kai tsaye zuwa ofisoshin yanki, ko a ba jihohi damar kafa tasu rundunar. Ga batun satar yara, wannan na biyun yana da gefe biyu. Ɗan sandan jiha zai fi sanin hanyoyin ƙauye da mutanensa, amma safara tsallaka jihohi take yi, kuma abin da ya sa aka iya zuwa Onitsha aka kamo mutane shi ne rundunar ɗaya ce a can da nan.

Ɓangare na uku suna cewa a zuba kuɗin a rigakafi: rajistar haihuwa, rajistar tsangayu da almajiransu, binciken gidajen marayu, da sa ido a tashoshin mota. Suna kafa hujja da 2020, lokacin da gwamnonin Arewa suka mayar da almajirai jihohinsu saboda korona, aka ga wahalar gano garin wasu yaran da iyayensu. Hukumar almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta da aka kafa a 2023 tana iya ɗaukar wani ɓangare na wannan. A cikin wannan ɓangaren akwai masu ɗora nauyi a kan iyaye. Sarki Muhammadu Sanusi II ya yi irin wannan magana a 2019, inda ya zargi sakacin masu barin ƙananan yara suna yawo, ta kuma jawo muhawara mai zafi. Waɗanda suka goyi bayansa sun ce gaskiya ce mai ɗaci. Waɗanda suka ƙi sun ce an bar jaki ana dukan taiki, domin yaron ƙauye a waje yake wasa tun fil azal, kuma ko da an yi sakaci, neman wanda aka sace haƙƙi ne a kan hukuma.

Jami'an kasafi su ma suna da tasu hujjar, kuma ba ta banza ba ce. Jihar da ke fama da ambaliyar Haɗeja da Auyo, da tamowa, da azuzuwan da babu rufi, dole ta zaɓi abin da za ta fara. Sai dai in aka duba abin da awannin farko ke buƙata, wato mai, katin waya, littafin rajista, kuɗin sanarwa da abincin tsintaccen yaro, ba ya cikin abubuwan da ke karya kasafi. Abin da aikin ya rasa shi ne wanda zai ɗauki nauyinsa.

Yadda abin ke sauka a kan talaka

Inda hukuma ba ta biya ba, gida ne ke biya. A sayar da akuya don man babura, a sayar da buhun gero don cigiya da buga hoto in akwai, a bi asibitoci da tashoshi da gidajen yara a Kano ko Dutse. Aikin gona ya tsaya. Sai 'yan damfara su ji sanarwar su fara kira, wannan ya ce ya ga yaron a Zariya a turo kuɗin mota, wancan mai duba ya ce a kawo abin sadaka. Uwa, wadda ta fi kowa sanin kayan da ke jikin yaron da tabon da ke ƙafarsa, sau da yawa tana gida, ba da ita ake zuwa ba da rahoto ba.

Jinkiri ma yana da farashi. Mutane da yawa sun yarda cewa sai an cika awa 24 kafin 'yan sanda su karɓi rahoto. Dokar 'yan sanda ta 2020 akasin haka ta ce: wanda wani da ke ƙarƙashin kulawarsa ya ɓata, ya kai rahoto cikin awa 24. Tsoron kashe kuɗi a ofis ne ke sa wasu iyaye su yi kwana biyu suna nema da kansu, a lokacin da motar dare ta riga ta sauke fasinjojinta. Lambar gaggawa ta ƙasa, 112, da ta NAPTIP, 627, an tanade su ne don irin wannan kira.

Akwai kuma illar da ba ta tsaya a gidan da aka yi rashi ba. Garin da ya fid da rai cewa hukuma za ta nemo masa yaro, shi ne garin da ihun "ɓarawon yara" ke tara jama'a a kan baƙo ko mai taɓin hankali, a kashe shi kafin a tambaye shi sunansa.

Ko an gano yaro, kashe kuɗi bai ƙare ba. Wanda ya dawo ba ya jin yaren uwarsa yana buƙatar mai kula da lafiyar tunaninsa da makarantar da za ta karɓe shi. Uba kuma zai yi ta zirga-zirga daga ƙauye zuwa kotu a matsayin shaida, a ɗage zama, ya koma, ya sake dawowa.

Hukuncin kotun ƙoli na 11 ga Yulin 2024, wanda ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ya buɗe wata ƙofa, duk da cewa aiwatar da shi yana tafiyar hawainiya. Ƙananan hukumomi ke da kashi 20.6 cikin ɗari na rabon asusun tarayya, su ne kuma matakin da ke zaune da dagatai da 'yan sintiri. Kansila na iya neman a sa layin cigiya da kula da tsintattun yara a kasafin ƙaramar hukumarsa ba tare da jiran Abuja ba. A matakin jiha kuwa, Kano da Jigawa suna wallafa kundin kasafinsu da rahoton aiwatarwa na kowane wata uku a intanet. Mai son sanin gaskiyar wata sanarwa sai ya buɗe shafin ma'aikatar mata da walwalar jama'a, ya nemi layin kare yara da na gidajen yara, ya kwatanta adadin da aka ware da wanda aka kashe zuwa ƙarshen watan Satumba, kafin gwamna ya kai sabon kasafi gaban majalisa.